Kwalaben Ramlatu Don-me

A Tsamiyar Ɗanliti, ƙauyenmu da ke tsakanin Bici da Watari, mata uku ne ke amsa sunan Ramlatu. Akwai mai ƙuli, akwai matar liman, sai kuma matar yayana Malam Sha'aban, wadda in ka ce Ramlatu kawai ba mai nuna maka gidanta, sai ka ce Don-me. Tun makon da aka kawo ta amarya ta samo sunan. Tana lulluɓe, marigayiya Innarmu tana yi mata bayanin dokokin gida, har ta zo kan cewa a gidan nan ba a zama a kan turmi. Sai amarya ta ɗan ɗaga mayafi ta ce, "Don me, Inna?" Tsofaffin da ke ɗakin suka kalli juna. Har Inna ta koma ga Allah ba ta ba ta amsa ba, ita kuwa ba ta daina tambaya ba.

Ba rashin kunya ba ne, kowa ya shaida. Haka Allah ya yi ta, abu ba ya wuce ta sai ta leƙa ƙarƙashinsa. Don me albasa ke sa hawaye alhali barkono ya fi ta zafi? Don me kaza ba ta shan ruwa sai ta kalli sama? In ba ta sami mai amsa ba, ta gwada da hannunta, kuma wurin gwajin nata shi ne lambun bayan ɗaki.

A wajenmu ba a barin ƙasa ta zauna banza, inda bangon wani ya ƙare nan kunyar wani ta fara. Abin da ya rage wa Ramlatu ɗan fili ne tsakanin bayan ɗakinta da tsohuwar rijiya, bai fi shimfiɗar tabarma goma sha biyu ba. Ta kewaye shi da darnin kara saboda awaki, ta cusa masa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ga alayyafo a gefe, ga zogale biyu suna gadin ƙofa. Wata shekara ta raba tumatirinta layi uku, ta sa wa ɗaya kashin awaki, ɗaya na kaji, ɗaya na jaki, don ta ga wanda zai fi. Na kaji ya ƙone shukar, na jaki ya kawo mata ciyawar da ta sha wuyar cirewa, na awaki ya ci gasa. Har yau in ta wuce jakin Malam sai ta harare shi. Shi Malam Sha'aban, da yake yana noman rani sosai a bakin ruwan Watari, gonar wasa yake ce wa lambun. Amma shekara ashirin da shida ke nan daga gonar wasan yake shan miya.

Matsalar tumatir a ƙasarmu kowa ya san ta. Da rani ya zo gaba ɗaya kamar an kore shi, har a rasa masakinsa. Da ruwa ya sauka kuma ya ɓace, sai ka ji labarinsa. Dabarar da muka gada ita ce kauɗa: a yanyanka shi, a baza a rana ya bushe, a ɗure a buhu. Kauɗa tana fid da mutum kunya, amma miyarta duhu gare ta, da ɗan tsami-tsami, kuma duk wankin da aka yi mata sai haƙori ya gamu da tsakuwa.

Wannan miyar ce ta jawo magana. Da aka yi bikin Khaulat, 'yar farin Ramlatu, tsakiyar damina ne. Cikin masu ɗaukar amarya akwai gwaggon ango, Hajiya Bilkisu daga unguwar Rijiyar Zaki a birnin Kano, mace mai fara'a wadda bakinta ke riga tunaninta fita. Aka kawo musu shinkafa da miya. Hajiya ta karkata kwano wajen haske ta ce, "Bayin Allah, wannan ta tumatir ce ko ta kuka?" Aka yi dariya. Ta ƙara da cewa, "Ba komai, ai haka damina take a ƙauye."

Uwar amarya ba ta magana a irin wannan wuri, balle a kan 'yar fari, wadda ko sunanta Ramlatu ba ta faɗa, sai dai ta ce yarinyar nan. Amma daga bakin madafi aka ji muryarta: "Hajiya, in Allah ya kai mu suna, ko da tsakiyar marka ne, jar miya za a ci a gidan nan. Daga lambuna, ba kauɗa, ba na gwangwani."

Mata sun fi talatin a tsakar gidan. Hajiya ta ce, "Allah ya kai mu, ni ce a gaba."

Allah kuwa ya amsa da wuri. Kafin rani ya yi nisa labari ya zo cewa Khaulat tana da juna biyu, kuma da mata suka lissafa watanni a yatsa, haihuwar ta faɗa watan Agusta, lokacin da sama ba ta ɗagawa. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, a nan dangin miji za su zo suna. Malam Sha'aban ya ce, "To, Don-me, kin ga inda baki ya kai ki."

Ta ce, "Na gani, Malam. Yanzu hannu ya rage."

Ta fara da binne tumatir a toka, kamar yadda ta ji wata tsohuwa ta ce. Ya yi mako uku ya yamutse kamar fuskar mai dabarar. Ta sa wani a randa cikin jiƙaƙƙen yashi, kwana goma ya zama ruwa. Tana cikin wannan fama ta haɗu da Iyatu a layin injin markaɗe.

Iyatu matar Shago ce, daga unguwar da ke ƙetaren rafi, inda mafi yawansu Kirista ne. Ƙawancensu ya daɗe, da salla Ramlatu ta aika mata tuwo, da Kirsimeti ita ta aiko da shinkafa. Da ta ji damuwar sai ta ce, "Ke, ai an koya mana wannan a taron zumuntar mata. Ki nemo kwalabe masu murfin ƙarfe, ranar Talata ina zuwa."

Malam Sha'aban aka ɗora wa neman kwalabe. Sai ga dattijo mai gemu yana bin masu shayin Bici ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kwalbar bama da ta ƙare. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi ko maganin gargajiya ya fara. Ya dawo da talatin da ɗaya a buhu, suna ƙara a bayan babur, ya ce ba zai sake ba.

Ranar Talata aka tsinke lambu kaf. Aka wanke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, aka kai inji, aka juye a babbar tukunyar biki. Iyatu ta ce a bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya tsotse, kwando uku ya koma abin da muciya za ta tsaya a ciki. Ta zuba gishiri, ta matse lemun tsami mai yawa.

"Don me lemun tsami?"

"Yana hana shi lalacewa."

"Ta yaya?"

"Ramlatu, ni dai haka aka ce mana."

Sai ta sa aka dafa kwalaben da murafansu a wata tukunya. Ramlatu ta riƙe haɓa. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Kwalba ake dafawa, Iyatu? Wa zai ci?"

"Mijinki, in kin ci gaba da surutu. Miƙo min ludayi."

Suka ɗura markaɗen da zafinsa, suna barin yatsa biyu a sama, suka murɗe murafan tam. Suka shimfiɗa tsohon buhu a gindin tukunya, suka jera kwalaben, ruwa ya rufe su, aka sake hura wuta kusan awa guda. Da suka huce, Iyatu ta ce a ajiye su inda rana ba ta kaiwa, shi ke nan. Kwana biyu bayan haka ta tafi Zariya wajen 'yarta Goodness da ta haihu, ta yi wata uku a can.

Kwalabe talatin da ɗaya suka kwanta a ƙarƙashin gado, jajaye kamar an ɗure garwashi. Wata biyu ba abin da ya same su. Zafin bazara ya zo ya ƙone sauran tumatirin lambu, a kasuwa ma ya fara wuya. Sannan ruwan farko ya sauka, ɗakuna suka ɗauki danshi.

A nan ne abin ya faru, kuma ina roƙon mai karatu ya yi wa matar yayana adalci. Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san abin da ake yi wa ajiya in danshi ya shigo. A fito da ita ta sha rana. Busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, garin kuka, kauɗar kanta, duk ranar da gari ya buɗe sai ka ga an baza su a tabarma, an kwance bakin ƙullin, ana juyawa da hannu. Wadda ba ta yi haka ba ita ce ƙazama. Wannan ne abu ɗaya a duniya da Ramlatu ba ta taɓa tambayar dalilinsa ba, don ba ta taɓa ganin sa a matsayin tambaya ba.

Wata Juma'a da hantsi ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera kuɓewarta da daddawarta, ta kwaso kwalabe ta shiga buɗewa. Duk wadda ta buɗu sai ta ji ta ce ɗas. Ta ce, "Allah sarki, ashe a matse kuke." Ta juya kowace da cokali mai tsabta, ta bar su suka sha rana har la'asar, ta rufe ta mayar. Maƙwabta suka shigo suka yaba. Matar liman ta ɗanɗana da ɗan yatsa ta ce kamar yau aka markaɗa. Ni ma na wuce na gani, na ce kai, matar nan akwai tsafta.

Kwana shida aka yi, ɗakin ya fara wani irin wari. Malam ya ce ɓera ne ya mutu. Da aka janyo kwalaben, wasu sun yi farar funfuna a sama kamar an yafa musu auduga, wasu suna kumfa, ɗaya ma da aka taɓa ta murfin ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi. Ramlatu ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Saura mako bakwai haihuwa. A lambu ba komai sai zogale da yakuwa da kabewar da ta fara yaɗo.

Malam Sha'aban ya tausaya mata. Ya ce, "Baki ne. Kin baza abu kowa ya gani, an yi ta yabo ba tubarkalla."

"Malam, wata biyu ana yabon su tun suna rufe, me ya sa bakin bai kama ba sai yanzu?"

"To ki aika Kano a sayo ɗanye, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Ba ta zubar da su a ranar ba. Ta jera su a bayan ɗaki tana bin su ɗaya-ɗaya tana shinshinawa, ta ware masu kumfa gefe, masu funfuna gefe, tana neman abin da ya haɗa su. Ta zargi gishirin, ta zargi lemun, ta zargi injin markaɗe. Ranar da suka sha kuwa ba ta shiga cikin waɗanda ake zargi ba ko sau ɗaya.

Da ta ji Iyatu ta dawo, ba ta jira ta huce gajiya ba, ta ɗauki kwalba ɗaya a leda ta ƙetare rafi. Bayan barka da an sha hanya, ta ajiye mata a gaba. Iyatu ta toshe hanci.

"Me kika yi musu?"

"Ba abin da na yi musu sai alheri. Inda kika ce na ajiye, nan na ajiye. Da danshi ya zo ma har shanya su na yi."

"Kika yi me?"

"Na shanya su. Na buɗe su suka sha iska."

Iyatu ta dube ta, ta dubi kwalbar, sai ta kama ciki ta yi ta dariya har Shago ya leƙo daga zaure ya ga ko lafiya. Da ta samu numfashi ta ce, "Ramlatu, duk wahalar da muka sha, dafa kwalba, dafa murfi, sake dafawa, ai don mu kori iskar ne! Ke kuma kika buɗe mata ƙofa kika ce bismilla."

"Ba ki gaya min ba."

"Ke da kike tambayar dalilin tashin kiyashi, na ɗauka in za ki yi wani abu sai kin tambaya." Sai dariyar ta tsaya, don ta tuna ranar suna. Ta ce, "Duka kika buɗe?"

"Ban da guda tara. Waɗannan taurin kai gare su, na murɗa har hannuna ya yi ja suka ƙi. Na tura su can ƙuryar gado na ce su da shan iska sai su gani."

Iyatu ta yafa gyale ta ce mu je. Suka zaro taran daga ƙurya, duk yanar gizo. Jajaye suke, ba kumfa. Iyatu ta danna tsakiyar kowane murfi da babban yatsa, ta nuna mata yadda ya lotsa ciki ba ya motsi. Ta ce muddin yana haka, da rai. In ya kumburo, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Ramlatu ta ɗauki kwalba ɗaya tana juyawa a hannu. Can ta ce, "To don me rana ke gyara kauɗa, ta kashe wannan?"

"Wannan kuma ba a kai mu nan a karatun ba."

Kwana uku tana tunani. Rana ta huɗu ta tare Malam yana alwala ta ce ta gano. Ƙanzo yana shekara bai yi komai ba, tuwo kuwa kwana biyu ya yi yauƙi, alhali abu ɗaya ne. Ashe akwai wani abu da ke yawo a iska, ido ba ya ganin sa, kuma ba ya cin busasshe sai mai ruwa. Kauɗa an hana shi ruwa, kwalba an hana shi hanya. Malam ya ce madalla, a bar shi ya wanke ƙafa.

Sanin dalili bai rage mata wahala ba. Mako bakwai ga mace irin Ramlatu, da kwalabe tara a ƙarƙashin gadonta, ba ta san abin da ke faruwa a cikinsu ba, kuma hanya ɗaya ta sani ita ce hanyar lalata su. Kullum sai ta durƙusa ta danna murafan. Ta ɗaga su a haske. Ta kara a kunne. Ranar da ta tsinci kanta da tsumma a hannu tana gwada murɗa ɗaya, wai don ta ji ko har yanzu da tauri, sai ta kwashe su duka ta kai wa Malam. Ta ce ya kulle a akwatinsa na ƙarfe, kuma ko ta yi kuka kada ya ba ta makulli. Ta roƙe shi sau huɗu. Ya ce tun da aka yi aurensu bai taɓa jin daɗin mulki irin na wannan lokacin ba.

Khaulat ta zo gida, ta sauka lafiya, aka sami ɗa namiji. Ranar suna aka wayi gari da yayyafi. Iyatu ta iso tun da sassafe, Malam ya miƙa makulli a gaban shaidu. Da aka buɗe akwati, ɗaya daga cikin taran ta kumburo. Ramlatu ta kai ta bayan darni ta tona rami ta binne. Saura takwas. Iyatu ta sa bakin cokali a gefen murfin ta farko ta ɗan ɗaga. Ɗas. Ramlatu ta rufe ido ta kai hanci.

Ƙamshin lambunta ne na watan Maris, har da attaruhun.

Takwas ɗin duka suka fita lafiya. Ta soya su sosai a man gyaɗa har mai ya taso, ta tsinka da romon naman suna, babbar tukunya ta kusa cika. Don kada a yi ƙaranci, ta yi miyar taushe da kabewa da yakuwar lambu ta cin masa, jar kuwa ta shinkafa.

Motar 'yan Rijiyar Zaki ta iso bayan azahar. Aka yi barka, aka ga jariri, wanda aka raɗa wa suna Munir, aka ce ya ɗauko goshin ubansa. Aka kawo abinci. Ramlatu tana madafi, kunyar jikan fari ta hana ta fitowa, amma an ga inuwarta a jikin asabari. Hajiya Bilkisu ta buɗe kwano. Ta karkata shi wajen haske. Ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu, ta tauna a hankali tana jiran tsakuwa, ba ta zo ba.

"Wa aka aika sayo tumatir a kasuwar 'Yankaba?"

Iyatu ta je ta kwaso kwalabe takwas da ba a wanke ba ta jera mata a gaba. Hajiya ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta lakato abin da ya rage a gindi ta ɗanɗana. Ta ce a nuna mata lambun. Haka ta tattare leshinta ta bi ta lungun bayan ɗaki, takalmi yana nutsewa a taɓo, mata suna biye da ita. Ta duba ta ga ba tumatir ko ɗaya, sai busassun sandunan da aka ɗaure shi a jiki tun rani.

Ta ce a kira mata Ramlatu. Ramlatu ta fito tana rufe rabin fuska.

"Maganar da na yi ranar biki, a yafe min. Baki ne ba linzami."

"Haba Hajiya, ai ni na manta."

Duk wadda ke wurin ta san ba ta manta ba, amma aka bar ta a haka. Hajiya ta ce akwai wani ɗan fili a bayan gidanta da aka tara tsofaffin tayoyi, ko zai yi? Ramlatu ta saki mayafin, ta tambaye ta ko rana tana kai wa wurin, da nisan famfo, da ko maƙwabta suna da awaki. Suka daɗe a tsaye cikin yayyafi. Hajiya ta koma mota da iri ƙulle a bakin gyale, takalminta ɗaya an ɗauraye mata a bakin rijiya.

Da baƙi suka watse, Malam Sha'aban ya shigo daga zaure ya zauna, ya ce a kawo masa rabonsa na jar miyar nan da ya yi wa gadi. Aka duba tukunya, an suɗe ta har ta yi ƙyalli. Taushe ya ci da masar da ta huce.